Akwatin wifi na neman haɗa ni da maigidana

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a nan Tawa, da yara 3. Maigidana yana Abijan yana kasuwanci, sai shekara ta zagayo yake zuwa gida. Zuwansa na bara ya saya mana akwatin wifi mai sim a ciki, don ya riƙa kiranmu ta bidiyo yana ganin yara, ni kuma in riƙa tallata turaren wuta da humrar da nake haɗawa a WhatsApp. Kowane wata yana aiko da kuɗin forfe daban da na cefane. Watannin farko lafiya lau. Yanzu kuwa da an sallame isha'i shi ke nan, hoto ya daskare, murya ta riƙa yankewa, mu yi ta "kina ji na?" "ina jin ka" har ya gaji ya kashe. In ina ɗakina ma wani lokaci kiran ba ya shigowa sam, sai da safe in tarar ya kira. Ga mega tana ƙarewa tun wata bai kai kwana 20 ba. Akwatin yana falo cikin sif ɗin ƙarfe saboda yara da ƙura. Gidanmu gidan yawa ne, akwai Inna mahaifiyarsa da ƙannensa samari 2, kuma duk suna da kod ɗin. Mai butik ɗin da ya sayar mana ya ce akwatin ne ya tsufa, in kawo kuɗi ya ba ni sabo. Shi kuma maigida ya fara cewa ko dai da gangan nake ƙin ɗauka, ko fim nake kwana kallo da kuɗinsa. Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo. Wani abokinsa ya ce masa ya saya mana Starlink kowa ya huta. Me zan yi?

Wata baiwar Allah, Tawa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara haƙuri, ya dawo da maigida lafiya.

Kada ki sayi komai a wannan satin. Ba sabon akwati ba, ba Starlink ba. Akwatin da aka saya bara bai tsufa ba, kuma mai butik ba zai taɓa ce miki ki riƙe kuɗinki ba, ciniki ya fito yi. Kin kawo kuka uku a matsayin ciwo ɗaya, alhali kowanne da sanadinsa: nauyin dare daban, rashin shigowar kira a ɗakinki daban, ƙarewar mega da wuri daban. In kika sayi sabon akwati kika mayar da shi cikin sif ɗin nan, kika ba mutanen nan kod, duka ukun za su dawo kafin ki yar da kwalinsa.

Sai ki fara da awo. Ki samu littafin rubutu na ƴan lakwal da biro. Ki fito da akwatin daga sif, ki tsaya kusa da shi da wayarki, ki buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, ki rubuta lambobin da suka fito da kuma lokaci. Ki yi haka bayan asuba, da azahar, da wajen ƙarfe 9 na dare, kwana uku a jere. Kada ki wuce haka, don awon kansa yana cin mega. Lamba biyu za ki lura da su: saurin abin da ke sauko miki, da saurin abin da ke fita daga wajenki. A fast.com sai kin danna wurin ƙarin bayani kafin ta biyun ta fito, kuma ita ce mutane ke mantawa, alhali ita ce ke kai fuskar yaranki Abijan. Ana auna su da Mbps, wanda ba ɗaya yake da Mo (mega) da Go (giga) ɗin da ake sayar miki a forfe ba: wancan sauri ne, wannan yawa. Kiran bidiyo na WhatsApp ba ya neman abin kirki. In kina samun Mbps 1 zuwa 2 shiga da fita, kuma ba ya tsalle-tsalle, ya isa ku ga juna sarai. Kowane awo ki ɗauki hoton fuskar wayar ki ajiye, zai yi miki amfani gaba.

Ga yadda za ki karanta littafin. In da asuba lambar tana sama, da dare kuma ta faɗo ƙasa warwas alhali kina tsaye wuri ɗaya, akwatinki lafiyarsa ƙalau. Ko dai mutanen gida ne suka hau kansa gaba ɗaya, ko eriyar kamfanin da ke unguwarku ce ta cika. Don ki raba tsakanin biyun, dare ɗaya ki roƙi kowa ya kashe wifi na minti biyar ki sake awo. In ya tashi, matsalar tana cikin gida. In bai motsa ba, tana waje. In kuwa dare da rana duk ƙasa yake, to sigina ce ba ta isowa akwatin da ƙarfi, kuma nan ne wurin da ake ajiye shi zai amsa tambayoyi.

Eriyar kamfani kamar famfon unguwa take. Da hantsi ke kaɗai ce, bokitinki ya cika nan da nan. Bayan magariba kowa ya fito da jarkarsa, ruwan bai ƙaru ba, masu ɗiba ne suka ƙaru. Sandunan sigina da kike gani cike a jikin akwatin suna gaya miki kina kusa da famfon ne kawai, ba sa gaya miki tsawon layin. Shi ya sa mutum zai ga rezo cike taf amma hoto ɗaya ya ƙi buɗewa. Tsakanin 8 da 11 na dare ne garin duka ke kan TikTok da YouTube da Facebook, kuma daidai lokacin ne maigida ke rufe shago ya kira. Babu akwatin da za ki saya ya raba ki da wannan layin muddin kina kan eriyar nan.

Hanya biyu gare ki. Ta farko kyauta ce: ku sauya lokacin kira. Agogon Nijar yana gaban na Abijan da awa ɗaya, ƙarfe 7 na safe a Tawa 6 ce a wajensa. Yara sun shirya za su lakwal, shi bai fita kasuwa ba, rezo kuma babu kowa a kai. Minti goma a wannan lokacin ya fi awa guda ta "kina ji na?" da dare. In dole sai daren, ku fara da bidiyo ya ga yara, sannan ku kashe kamara ku ci gaba da murya, don murya tana wucewa ko ta ƙaramar kafa. Kuma ki tuna kira baki biyu gare shi. In yana zaune a unguwa mai cunkoso irin su Ajame ko Abobo, tana iya yiwuwa rabin yankewar daga can take. Shi ma ya yi awon a wayarsa ya turo miki.

Ta biyu ita ce gwada wani kamfani. Muna da Airtel, da Moov Africa, da Zamani Telecom wanda a da Orange ne, da Niger Telecom. Kada ki tambayi kowa wanne ya fi, don amsar tana canzawa daga unguwa zuwa unguwa, wani lokaci ma daga wannan lungu zuwa wancan. Wanda ke gudu a Sabon Gari yana iya rarrafe a Wadata. Abin da ya dame ki shi ne wanda ya fi a tsakar gidanki da ƙarfe 9 na dare. Ki ari wayar maƙwabciya ko ta ƙanen miji mai wani layin, a kashe wifi, a sa forfen yini ɗaya mai arha, a yi awon nan a wuri guda. In wani ya yi wa naki fintinkau, sai ki gwada sim ɗinsa cikin akwatin. Akwatunan da kamfani ke sayarwa da tambarinsa galibi a kulle suke, ba sa karɓar sim ɗin wani, don haka ki gwada kafin ki zuba kuɗin wata.

Yanzu sif. Na san dalilinki, yara da ƙurar hunturu ba abin wasa ba ne a Tawa. Amma da za a ce in zaɓi wuri mafi muni a gidan duka, sif ɗin ƙarfe zan nuna. Akwatin nan aiki biyu yake yi lokaci guda: yana kamo sigina daga eriyar kamfani, yana kuma watsa wifi cikin gida. Ƙarfe yana tare duka biyun. Kin rufe masa kunne, kin rufe masa baki. Ga zafi kuma. Yawancin irin waɗannan akwatunan an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, haka ake rubutawa a takardarsu, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura haka, balle cikin sif a ɗaki mai rufin kwano. In ya yi zafi yakan rage gudu da kansa, ko ya mutu ya tashi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ki ɗora tafin hannunki a kansa da la'asar. In ba za ki iya barin hannun ba, kin samu ɗaya daga cikin masu laifin.

A sa kafinta ya kafa masa ɗan katako a bango, sama da inda hannun yaro zai kai, kusa da taga, inda iska ke ratsawa amma rana ba ta dukansa. Kada a lulluɓe shi da ƙyallen ado irin wanda ake rufa wa tele, ƙura a share ta da busasshen tsumma ko tsohon burushin haƙori. Ba kan firigo ba, ba bayan tele ba, ba kusa da randa ko tankin ruwa ba. Tagoginmu na ƙarfe ne, don haka wurin da ya yi kyau taga a buɗe yana iya lalacewa in an rufe ta da dare, ki gwada duka biyun. Kafin a buga ƙusa, ki ja rallonji ki zagaya da akwatin taga-taga, ki ba shi minti biyu a kowace, ki auna. Tagar da ke fuskantar eriyar kamfani ita ta fi yawan cin gasa, ko da ba ita ce ta fi kyau a ido ba.

In kina son ma'auni da ya fi sanduna gaskiya, ki juya akwatin. A ƙasansa akwai takarda manne mai ɗauke da adireshi irin 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, da suna da kod na shiga. Ki rubuta adireshin a Chrome kina kan wifin, shafin akwatin zai buɗe. A wurin bayanan na'ura akwatuna da yawa suna nuna wata lamba mai suna RSRP. Tana zuwa da alamar ragi: wajen -80 sigina mai kyau ce, -100 ta yi rauni, in ta kai -110 ana fama ne kawai. Ki riƙa duba ta kina sauya wuri. In duk gidan ba inda ya fi -105, a nan ne eriyar waje da ake ɗaurawa kan rufi take da amfani, in akwatin yana da ramukan da ake ɗaura ta a baya. Wannan kuɗi ne da ya fi na sabon akwati ma'ana.

Ɗakinki kuma zancen bango ne. Katangar laka mai kauri irin ta gidajen Adar, ko ta siminti mai rodi, da ƙofar ƙarfe, kowacce tana cin rabonta kafin wifi ya iso gadonki. In akwatin yana fitar da suna biyu, ɗaya mai 2.4 ɗaya mai 5, ki hau na 2.4 a ɗaki. Na 5 ya fi gudu amma ba ya jure bango. Kuma kada "5G" da ke jikin sunan ya ruɗe ki, ba rezon 5G ake nufi ba. Abin da ke hana kiran maigida shigowa shi ne wayar takan maƙale wa wifi mai sanda ɗaya, tana nuna a haɗe take alhali ba abin da ke wucewa. Da ta sake shi ta koma kan sim ɗinki da kiran ya shigo. Saboda haka ki riƙa ajiye ƴar mega kaɗan a layin wayarki, zai fi kyau na wani kamfanin daban da na akwatin, in za ki kwanta ki kashe wifi ki kunna ta. Ki kuma shiga saitin batir ki cire WhatsApp daga cikin manhajojin da waya ke kashewa don tattalin caji, wayoyin Android da yawa suna yin haka ba su tambayi kowa ba. In an matso da akwatin tagar da ta fi kusa da ɗakinki matsalar tana iya ƙarewa a nan. In ba ta ƙare ba, a ja waya irin ta kwamfuta daga bayan akwatin zuwa ƙaramin akwati na biyu a ɓangarenki, tana kai mita 100 ba ta rasa komai ba. Ƴan na'urorin ƙara wifi da ake cusawa a soket ba na cika son su a gidan laka ba: abin da suka samu shi suke maimaitawa, in rauni suka samu rauni za su ba ki.

Ba ki ambaci kuran ba, amma a ƙasar nan ba a zancen intanet a bar shi. Kowane ɗaukewa yana kashe akwatin, kuma in wuta ta dawo wani lokaci yakan kama 3G ya zauna a kai. Ki cire shi daga soket, ki ƙirga talatin, ki mayar. Kada dai ki soka tsinke a ɗan ramin da aka rubuta reset, wannan goge saitin yake yi gaba ɗaya. Hawa da saukar wuta kuma suna gajiyar da caja, kuma caja mai rauni tana sa akwati ya riƙa mutuwa yana tashi, har a ce ya tsufa. Ki duba abin da aka rubuta a jikinta, yawanci 12V ne, ki gwada wata mai lambobi iri ɗaya. Akwai ƙaramin batir da ake sa wa tsakanin soket da akwati, yana riƙe shi awoyi bayan an ɗauke wuta, don abin da akwatin ke ci bai fi na ƙwan fitila ba. In kuna da sola, mai gyara ya haɗa muku ta regilate, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, kada a ɗaura shi kai tsaye a kan batir.

Sai mega, kuma nan ne nake zaton ainihin zancen yake. Mu yi lissafi. Kiran bidiyo na WhatsApp yana cin wajen mega 5 a minti, a ƙiyasi. Ko kullum kuna rabin awa, a wata bai kai Go 5 ba. Hotunan turarenki ba su kai a saka su a lissafi ba. Bidiyon YouTube mai ƙyalli kuwa, wanda ake rubuta wa 720p, yana cin kusan Go 1 a awa. Samari biyu, kowanne awa biyu a dare yana kallon ƙwallo ko kokowa, Go 4 ke nan. A kwana 20 sun tashi da Go 80. Ba na cewa su ne, ban gan su ba. Ina cewa lissafin ya nuna ba kiran maigida ke cinye forfen ba, kuma akwai hanyar sanin mai ci.

A shafin nan na akwatin akwai jerin duk wayoyin da ke haɗe a lokacin. Ki buɗe shi da ƙarfe 9 na dare ki ƙirga, sannan ki ƙirga wayoyin gidanku. Kin ce mutum huɗu ke da kod, ni kuwa zan yi mamaki in ba ki tarar da fiye da haka ba. Kod ba ya zama wuri ɗaya. Wayoyin yanzu suna nuna shi a matsayin hoton QR, aboki ya ɗauka da kamara cikin ƙiftawar ido, shi ma ya ba wani. Ki leƙa ƙofar gida bayan isha'i. In fadar samari ta dawo jikin katangarku, ga butar shayi a kan gawayi, kowa ya sunkuyar da kai fuskarsa na haske, ba daɗin inuwar katangar ba ne ya kawo su.

Sauya kod aikin minti biyu ne. A shafin za ki sa sabo mai tsawo, haruffa da lambobi, ba lambar wayarki ba, ba sunan autarki ba. Ki bar tsaron a kan zaɓin da aka rubuta WPA2, ki kashe WPS, wato hanyar haɗa waya ba tare da rubuta kod ba, ki kuma sauya kod ɗin shiga shafin kansa, don in yana nan a "admin" kowane yaro zai shiga ya karanta sabon. Wahalar ba a nan take ba. Wahalar ita ce ke suruka ce a gidan, kuma ranar da wifi ya daina shiga wayar ƙannen miji, kafin azahar labari ya kai ɗakin Inna cewa matar yaya ta fara rowa da kayan ɗansu. Saboda haka kada ki yi shi a ɓoye, kuma kada ya fito daga bakinki. Akwatin na maigida ne, kuɗin nasa ne, ƙannen nasa ne. Ki tura masa hoton jerin wayoyin, ba tare da kin kama sunan kowa ba, ki ce ga abin da na gani, yaya kake so a yi? Shi zai kira Inna ya ce ya ga baƙin wayoyi a kan akwatin, ya sa a sauya kod, kuma daga yau ba a ba na waje. Magana ɗaya ce, amma daga bakinsa umarni ce, daga naki tsiwa.

Inna a sa mata sabon kod da hannunki, tun kafin ta tambaya. Sauraron wa'azi da saƙon murya na ƴan'uwa ba su ne ke kashe forfe ba, kuma ko da su ne, ba a nan ake tsimi ba. Samarin kuma ban ce a kore su ba. Yawancin akwatuna suna da wifi na baƙi, suna na biyu da kod ɗinsa daban, wanda ake kunnawa a kashe ba a taɓa na ainihi ba, wasu ma ana iya rage masa gudu. A ba su wannan, da sharaɗi biyu: lokacin kiran yayansu a kashe yake, kuma in baƙuwar waya ta sake bayyana a sauya shi. In suna da abin yi, ba laifi ba ne su riƙa kawo ɗan nasu a kuɗin wata, amma wannan ma yayansu ne zai faɗa. Ke dai akwai wasa tsakaninki da ƙannen miji, ki yi amfani da shi. "Ku da ƙwallonku kun hana ni ganin mijina" cikin dariya yana isar da saƙon da doguwar magana ba za ta isar ba. Su koma kallon a 360p ko 480p, a fuskar waya bambancin kaɗan ne, cin kuwa ya ragu da rabi ko fiye. Ki dai sani duk wanda ya soka tsinke a ramin reset ya mayar da kod ɗin da ke rubuce a ƙasan akwatin, wani dalilin ke nan na kafa shi sama a inda ido ke gani.

Kafin ki gama zargin kowa, ki duba taki wayar. Waya tana ɗaukar wifi a matsayin abin banza, duk aikin da ta ƙi yi da megar sim sai ta jira wifi ta yi. Ke mai sana'a ce, na tabbata kina cikin gurup-gurup na mata, na biki, na adashi, na unguwa, kuma duk bidiyon da aka jefa yana sauka da kansa ko ba ki buɗe ba. A saitin WhatsApp, wurin ajiya da data, ki cire saukar bidiyo ta kai tsaye. Play Store yana sabunta manhajoji da kansa, Google Photos yana kwashe hotuna da bidiyon waya yana turawa sama, kuma wannan na ƙarshen hanyar fita yake cushewa, wadda kiranki ke bukata. A yi wa duk wayoyin gidan wannan gyaran rana ɗaya. Sannan ki karanta sharaɗin forfen da kuke saya. Da yawa daga waɗanda ake kira marasa iyaka suna da wani adadi da in an kai shi ake rage gudu har ƙarshen wata. In nauyin yana farawa ne daga tsakiyar wata, dare da rana, wannan ne.

Akwai ranakun da ba naki ba ne, ba na samari ba, ba ma na eriyar unguwa ba. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu ta wayoyin ƙarƙashin ƙasa yake shigowa daga maƙwabta masu gaɓa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhu, Kodebuwa inda maigida yake tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wani lokacin kuma mai haƙa rami ne ya tsinke waya a hanya. In abu ya tsaya cak, ki tambayi maƙwabta biyu kafin ki taɓa saitin komai. In kuwa littafinki ya nuna makonni ana biya ba a samu, ki je ofishin kamfanin da shi a hannu, kwanan wata da lokaci da lamba. Wanda ya zo da rubutu ba a sallamarsa da "ki kashe ki kunna". In ba su yi komai ba, hukumar ARCEP ce ke sa ido a kan kamfanonin sadarwa, kuma tana karɓar koken masu amfani da layi.

Starlink kuwa, wato intanet ɗin da ake kamowa da faranti daga tauraron ɗan'adam, gaskiya ne ya fara aiki a Nijar a hukumance a watan Maris 2025, kuma yana da gudu, ba ruwansa da eriyar unguwa. Amma abokin maigida bai faɗi sauran ba. Bayan kuɗin kayan akwai na kowane wata. Farantin yana son sarari buɗe, ba reshen bedi a kansa. Babban yana cin wuta wajen wat 75 zuwa 100, ƙaramin da ake kira Mini wajen 25 zuwa 40, wato in an ɗauke kuran sai da sola ko batir na gaske. Hadari mai ƙarfi na damina yana iya yanke shi na ɗan lokaci. Kuma wifinsa ma bangon laka zai tarar, kod ɗinsa ma QR gare shi. Ga mai siber, ko gidaje uku da za su haɗa kuɗi, ko ƙauyen da rezo ba ya kaiwa, abu ne mai kyau. Don kiran rabin awa da tallar humra a cikin garin Tawa, ya yi yawa. In kuna son abin da ya fi sim tsayuwa, ku fara tambaya ko wayar fibir, wato wayar intanet da ake ja har cikin gida, ta ratsa layinku.

Maganar da ta fi yi miki ciwo na bari ƙarshe. Zargin da ya yi bai dace ba, kuma kina da haƙƙin ki gaya masa ya ɓata miki rai. Amma ki duba daga inda yake zaune: mutum yana ƙasar wasu, ya yini a tsaye, abin da yake jira duk ranar shi ne fuskar yaransa, ya kira ba a ɗauka ba, ga kuɗi yana turawa. Nesa tana ƙara wa ƙaramin abu girma, kuma ba a rasa mai zuga a gefe. Rantsuwa ba za ta kashe wannan ba, shaida ce za ta kashe shi. Ki nuna masa abu ɗaya da zai duba da kansa: duk lokacin da ya kira ba ki ɗauka ba, ya turo saƙo nan take. In alama ɗaya ta tsaya a gefen saƙon, bai iso wayarki ba, kiran ma bai iso ba. In biyu suka fito, to ya iso, sai ya tambaye ki. Ki kuma ce masa in WhatsApp ya ƙi, ya yi miki bip ta layi, ki fito kusa da akwatin ki kira shi. Ki haɗa masa da hotunan awon kwana ukun da na jerin wayoyin, ki tura da rana lokacin da ransa ke sanye, ba cikin faɗan dare ba.

In an yi duk wannan, sati biyu suka wuce, kuma wayar da ke da sim na kamfani ɗaya tana gudu a inda akwatin ke rarrafe, an kuma gwada wata caja, to a lokacin ne maganar mai butik ta zama gaskiya. Ki nemi akwatin da ba a kulle ba, mai karɓar kowane sim, mai ramukan eriyar waje, kuma ku yi sharaɗi da shi a gaban shaida cewa za ki gwada shi kwana biyu a gida, in bai fi tsohon ba ya karɓi kayansa ya maido kuɗi. In ya ƙi sharaɗin, ki je wani butik.